Ranar da Aka Zaunar da Sarkin Kujeru

Ofishinmu ɗaki huɗu ne da baranda, a saman wani kantin tayoyi, saboda haka duk wanda ya zo mana da ɓacin rai sai ya fara shaƙar warin roba kafin ya iso. Aikinmu kula da waɗanda aka yi wa laifi: wanda aka fasa wa shago, wanda aka lakaɗa wa duka, wadda aka fizge wa jaka a hanya. Mu saurare su, mu raka su asibiti ko wajen 'yan sanda. In kuma sun yarda, kotu ma ta yarda, mu zaunar da su ɗaki ɗaya da wanda ya cuce su, a faɗi abin da aka yi ido da ido, a nemi yadda za a gyara. Shi muke kira zaman sulhu. Mu biyar ne a ofishin. Huɗu muna da takardun jami'a rataye a bango. Na biyar masinja ne, kuma tsakani da Allah, da shi zai ajiye aiki, da wata bai ƙare ba mun rufe.

A gabansa Baba muke ce masa, a bayan idonsa Sarkin Kujeru. Ya san da sunan, yana ma jin daɗinsa, amma in ya ji sai ya haɗe rai don kar mu raina shi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma kullum akwai tsumma yana leƙowa daga aljihunsa. A takarda, aikinsa kai wasiƙa, shara da dafa shayi. A wurinsa kuwa duk wannan ƙari ne. Aikinsa na gaskiya jera kujerun ɗakin sulhu, kuma ko Oga, shugaban ofishin, bai isa ya matsar da kujera ɗaya ba.

A mota ya samo wannan ilimin. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana kwandastan bas, har ranar da ƙofa ta datse masa gwiwa. Daga nan ya koma wurin masu ba da hayar kujeru ya yi shekara shida, kafin ya faɗo ofishinmu.

“Malama,” haka yake ce mini in zai koya mini abu, in kuwa faɗa zai yi mini sai ya ce 'yata. “Malama, rabin rigimar duniya zama ke kawo ta. Ki zaunar da mai kaji kusa da mai farar riga, kin sayi faɗa tun ba a bar tasha ba. Ki sa mai surutu kusa da kurma, har a sauka kowa lafiya lau.”

Na zo ofishin shekara tara da suka wuce, da sabon digiri da girman kai daidai da shi. Bincikena a jami'a a kan waɗanda aka yi wa laifi ne, na kuma haɗa wata takarda mai tambaya arba'in da bakwai da nake ji da ita kamar 'yar auta. Tambaya ta goma sha tara tana cewa: daga ɗaya zuwa biyar, nawa ne ɓacin ranka? Ranar farko da na gwada ta, wata tsohuwa da aka sace wa injin markaɗe ta ƙare mini kallo ta ce, “Yarinya, da kilo kuke aunawa ko da mudu?” Baba yana baranda yana shara. Na ji tsintsiyar ta tsaya, na ji ta ci gaba. Bai taɓa tayar da maganar ba, amma daga ranar in na ba shi haushi sai ya ɗaga mini yatsu uku ko huɗu, gwargwadon laifina.

Dokokinsa ba su da yawa, amma ba ya sassauta ko ɗaya. Wanda aka cuta kusa da ƙofa yake zama, inda zai iya tashi ya fita ba tare da ya ce wa kowa gafara ba, don a cewar Baba mutumin da aka taɓa tare wa hanya ba a sake tare masa. Mai laifi kuma ba a sa shi a lungu, ko akuya in aka matsa mata cizo take yi. Tsakaninsu taku biyu da rabi, da takunsa na mai ɗingishi, wanda ba wanda ya iya kwaikwayo. Kwalin tishu a gefe ake ajiyewa, don in ka dire shi a gaban mutum kamar ka ce masa bisimilla, fara kuka. Kofunan ruwa na roba ne tun ranar da wata mata ta gwada saitin hannunta da na gilashi. Sannan akwai wata kujera mai ƙara da ya hana a gyara. Ita yake ba kawu ko surukin da ya ga alamar ya zo da dogon jawabi. Da mutum ya gyara zama ya ce “a gaskiya ni a nawa ganin”, sai kujerar ta yi ƙiii, kowa ya waiwayo, jawabin ya mutu a wurin.

Shekara biyu na yi ina kallon wannan a matsayin camfin tsofaffi. Sai wata rana zazzaɓi ya kwantar da shi, muka jera kujerun da kanmu, layi biyu suna fuskantar juna, da ƙaton tebur a tsakiya, yadda muka gani a littafi. Zaman bai kai minti bakwai ba takalmi ya tashi sama. Tun daga nan na kama kaina.

Matarsa sau biyu kacal na taɓa gani, amma muryarta ba wanda bai sani ba a ofis. Ba ta iya rubutu ba, sai 'yarsu ta koya mata tura saƙon murya a waya, ita kuwa ta riƙe abin hannu bibbiyu. Kunnen Baba ya ɗan yi nauyi, don haka sai ya ƙure sauti, mu ma mu samu rabonmu.

“Ka sayo sabulu, ba irin na jiya ba, na jiya ko kumfa ba ya yi.”

“Wa ya ce ka ba maƙwabci tsani? Na bara ya dawo da shi?”

Sai ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya mai da wayar aljihu, ya dube mu ya ce, “Gwamnati ta yi magana.”

Gwamnati ta rasu shekara biyu kafin abin da zan ba da labari, bayan ta yi makonni a asibiti. Muka je muka yi gaisuwa. Bayan kwana bakwai ya dawo ya jera kujerunsa, muka ce kai, Baba akwai haƙuri. Muryar ta ɗauke daga ofis. Abin da ya sauya kawai, da rana ta yi tsaka sai ya shige sito da shayinsa da burodi ya rufe ƙofa, mu kuwa muka ɗauka ɗan barci yake yi.

Sai aka yarje wa Oga ya sake fentin ofis. Aka kawo mai fenti, wani dogo siriri da furfura ta fara fito masa a gemu, mai yawan “ranka ya daɗe”. Kwana uku ya yi yana shafa mana kore. Baba ya lulluɓe kujerunsa da tsofaffin labulaye, yana bin mutumin da shayi safe da rana. A rana ta uku Baba ya sa wayarsa caji a tagar sito ya tafi kai wasiƙa. Da ya dawo ba waya, ba mai fenti.

Binciken bai wahalar da kowa ba. A jikin soket akwai shatin yatsu biyar kore shar. A mariƙin ƙofa akwai wasu biyar. Ɗigon kore ya bi matakala har bakin kantin tayoyi. Ɗan sandan da ya zo ya ce tun da ya shiga aiki bai taɓa ganin ɓarawon da ya sa hannu a kan aikinsa ba. Bayan kwana huɗu aka kama mai fenti a shagon masu gyaran waya, ya sa an goge ta tas zai sayar. Aka dawo wa Baba da abarsa, fes da ita kamar yau aka ciro ta daga kwali.

A nan ne muka tafka abin kunyar da har gobe in na tuna sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Murna muka yi. Oga ya tara mu ya ce, “Baba, ka yi sa'a. Cikin mutum goma, tara ba sa sake ganin wayarsu.” Ni kuma, mai digiri a kan waɗanda aka cuta, na karɓi wayar na latsa na ce, “Lah, Baba, har ta fi da sauri.” Ya karɓa, ya dube ta, ya tura ta aljihu kusa da tsumma, ya ce an gode.

A bangon barandarmu akwai wata babbar takarda da ni da hannuna na rubuta, mai bayyana alamomin wanda abin da aka yi masa ke ci a rai. Rashin cin abinci. Yawan duba ƙofa. Saurin fushi. Janye jiki daga mutane. Mako uku Baba yana wucewa ta ƙarƙashinta yana cika su ɗaya bayan ɗaya kamar mai amsa jarrabawa. Burodinsa ya riƙa bushewa a sito. Ya riƙa girgiza kwaɗon ƙofa sau biyar kafin ya sauka. Ya zazzage wa mai kantin tayoyi kwandon masifa saboda ya jingina taya a matakala, abin da mutumin ya yi shekara goma yana yi. Ko yatsu ya daina ɗaga mini. Mu huɗu, masana, muka haɗa kai muka yanke cewa tsufa ne. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Kujeru ne suka farkar da ni. Wata safiya na leƙa ɗakin sulhu kafin a fara zama, na ga kujerar wanda aka cuta a can lungu, ta juya wa ƙofa baya, kwalin tishu kuma zaune daram a tsakiyar tebur. Na nufi sito na tura ƙofa ba sallama.

Yana zaune a kan kwalin takardu, wayar a tafin hannunsa, yana kallonta.

“Baba, me ke cikin wayar nan da aka goge?”

Ya shafa fuskar wayar da babban yatsa. Sannan ya ce, “Gwamnati.”

Saƙonninta sun fi ɗari uku, bai taɓa goge ko ɗaya ba. Abin da yake yi a sito ke nan kullum. Ya kunna ɗaya, a yi masa faɗan sabulu ko na tsani, ya sha shayinsa. Bi da bi yake bin su, in ya zo ƙarshe ya koma farko.

“Amma akwai ɗaya da ban buɗe ba,” ya ce. “Na ƙarshe.”

Ranar da za ta rasu, a asibiti ya wayi gari. Muna da wani babban zama ƙarfe goma, sai ya baro ta da 'yarsu ya taho ya jera kujeru. Goma da rabi saƙon ya shigo, yana cikin ɗaki yana zuba wa mutane ruwa, wayar a aljihu ya kashe mata sauti. Sha biyu 'yarsa ta kira ta ce ta cika.

“Na san abin da ta ce, 'yata. Cewa ta yi in dawo. Tana kirana, ni ina nan ina auna taku biyu da rabi.”

“Baba, ai ba ka ji ba. Ta yaya ka sani?”

“Shi ya sa ban buɗe ba. Kullum in ce gobe. Shekara biyu ina cewa gobe.” Ya juya wayar a hannunsa. “To ga goben. Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata.”

Na ji haushin kaina irin wanda ban taɓa ji ba. Na kwashi wayar na zagaya shagon gyara uku, kowa ya latsa ya girgiza kai. Da na dawo na ce masa abu ɗaya ya rage, a yi zaman sulhu da mai fenti.

“Da wa? Ni?” Ya miƙe tsaye har da dafe ƙirji. “Ni fa ma'aikaci ne. Ni nake zaunar da mutane.”

Wanzami ba ya son jarfa. Mutumin da ya lallaɓa ɗaruruwan mutane suka shiga ɗakin nan, ga shi yana ja da baya kamar an nuna masa allura. Na yi lallashi, na yi wa'azi, har da karanto masa sakamakon bincike, duk a banza. Sai da zan fita na ce, “Kwana huɗu wayar ta yi a hannunsa kafin a goge. Wataƙila ya ji wani abu.” Washegari da ya kawo mini shayi ya dire kofin ya ce, “Laraba, ƙarfe goma. Amma ni zan jera.”

Mai fenti ya amince da gudu, don ya san zaman ya fi masa tsayuwa gaban alƙali. Da yake abin ya shafi ɗan gida, kotu ta aiko magatakarda ya zauna a gefe yana rubutu. Kowane ɓangare yana da damar zuwa da mutum ɗaya. Baba ya ce Oga ya ishe shi. Mai fenti ya zo da matarsa, wata gajeriya kakkaura mai sana'ar ɗinki, da awon tela rataye a wuyanta don ta manta ba ta cire ba. Tun daga matakala take hararar mijin.

Ɗakin ya jeru kamar ba a taɓa samun matsala ba. Matsalar mai jerawar ce. Baba ya tari ɓarawonsa a bakin ƙofa ya ce sannu da zuwa, ya raka shi kujerarsa, ya goge ta da tsumma, ya zuba masa ruwa, ya tambaye shi ko fanka ta yi masa yawa. Sannan ya koma ya tsaya jikin bango da tire a hannu, yana jiran wanda aka cuta ya iso.

“Baba,” na ce, “kai muke jira.”

Ya zauna a bakin kujerar kamar mai tsoron ta ƙone shi. Na fara bayanin ƙa'idojin zama, magatakarda ya yi tari, Baba ya zabura ya kai masa ruwa. Ya dawo ya zauna. Na ci gaba, ya lumshe ido ɗaya ya auna tsakaninsa da mai fenti, ya tashi ya ce, “Ɗan ɗaga, ɗana,” ya matsar da kujerar da rabin taku. Sau huɗu ina fara jimla ɗaya.

Matar mai fenti ce ta gaji. “Baba, don girman Allah ka zauna. Na rufe shago na baro ɗinkin mutane don in ga an wanke mutumin nan tas, kai kuma sai ba shi ruwa kake kamar ya dawo daga tafiya.”

Na tashi na karɓe tiren, na zare tsumman daga aljihunsa, na kai su ofishina na kulle. Ya zauna da hannuwa biyu a kan gwiwa, bai san inda zai sa su ba. Ban taɓa ganin ya yi ƙanƙanta haka ba, har na ji tausayinsa ya kama ni.

Mai fenti ya ciro wata takarda ya fara karanta tubansa. Sharrin Shaiɗan ne, bai san abin da ya hau kansa ba, shi ɗan mutunci ne kowa ya sani, kuma in Baba ya yarda zai yi masa fentin gidansa ciki da waje kyauta.

“Allah ya kiyaye,” in ji Baba.

Oga ya ga dama ta samu, ya gyara zama ya ce, “A gaskiya, bincike ya nuna cewa…” Kujerar ta yi ƙiii. Kowa ya waiwayo. Oga ya dubi ƙasan kujerar, ya dubi Baba, ya yi shiru. Shekara da shekaru yana dariya in ta kama surukan mutane, bai taɓa zaton akwai ranarsa ba.

“To, ni na yafe,” Baba ya ce da sauri, ya fara yunƙurin tashi. “Allah ya yafe mana baki ɗaya. Bari in kwashe kofuna.”

“Zauna, Baba. Kai da bakinka ka ce mini wanda ya yi saurin cewa na yafe, gida zai koma ya ci gaba da shari'ar shi kaɗai. Faɗa masa abin da ya ɗauka.”

Ya harare ni, ya ɗaga mini yatsu huɗu. Amma ya zauna. Da farko ƙasa yake kallo, muryar na fita da ƙyar. Ya faɗi sabulu da tsani, ya faɗi sito da shayin rana, ya faɗi asibiti da goma da rabi. Mai fenti ya saki takardar tubansa ta faɗi ƙasa, bai ko sunkuya ya ɗauka ba.

“Wallahi, Baba, ban sani ba. Waya kawai na gani.”

“Na san waya ka gani. Abin da nake tambaya, ka ji wani abu a ciki?”

“Ɗaya tak. A cikin bas, ina komawa gida, na latsa in ga ko tana aiki. Sai wata mata ta daka mini tsawa, ‘Wa ya ce ka taɓa abin da ba naka ba? Mai da shi inda ka gan shi!’ Saura kaɗan in wurga ta taga. Ban sake kunnawa ba.”

“Naman da ta ajiye wa baƙi ne,” Baba ya ce a hankali. “Yanka biyu na ɗauka.” Ya ɗan yi murmushi, murmushin ya ɓace, kafaɗunsa suka sauka. “Shi ke nan. Na gode.”

“Ni na ji,” in ji matar. “Duka.”

Kowa ya juya gare ta. Ta gyara awon da ke wuyanta.

“Zan wanke wandonsa na aiki na ci karo da baƙuwar waya. Na latsa, na ji muryar mace. Na ce yau zan san ko wace ce. Na ajiye keken ɗinki, na rufe ƙofa, tun safe har la'asar. Kafin in kai na ashirin na gane ba da mijina take ba, don wannan tun da na aure shi bai taɓa sayo sabulu ba. Amma na kasa dainawa. Baba, matarka ta iya faɗa. Wallahi na ƙaru. Da ya dawo na ce ya mai da ita inda ya ɗauko, shi ne ya ruga ya sa aka goge. Ban san ta rasu ba, Baba. Da na sani da a cikin zanina zan ɗaure wayar nan.”

Baba ya riƙe hannun kujera. “Na can ƙasa fa? Na ƙarshe. Wanda ba a buɗe ba.”

“Mai ƙaramar murya? Sau uku na ji shi, don ya bambanta da sauran. Kamar tana kwance.”

“Tana kwance.”

“In faɗa?”

Ya dubi ƙofa. Tana nan kusa da shi, taku ɗaya, ba wanda ya tare masa. Na ga ƙafarsa mai ɗingishi ta motsa. Ni na kawo shi nan, in kuwa abin da yake tsoro ne, ni na ɗora masa. Ya mai da ƙafar.

“Faɗi, 'yata.”

Matar ta rufe ido, ta sassauta murya.

“Ka bar filas ɗinka a ƙarƙashin gado. Kullum sai ka manta abu. Kar ka ce za ka dawo saboda shi, na san halinka. Ka tsaya ka yi wa mutane aikinsu, ni barci zan yi. Kuma ka nemi abu ka ci.”

Magatakarda ya ɗaga biro daga kan takarda.

“Filas,” in ji Baba. “Jan filas ɗina. Ashe can na bar shi.” Ya juya ya dubi Oga. “Ranka ya daɗe, ka yafe ni. Shekara biyu ina zarginka.”

Oga ya buɗe baki, ya tuna a kan me yake zaune, ya gyaɗa kai kawai. Muka yi dariya, har da mai fenti da hawaye ke bin gemunsa. Baba bai yi ba. Idonsa na kan matar.

“Ba ta ce in dawo ba?”

“Cewa ta yi kar ka dawo.”

“Sake faɗa.”

Ta sake faɗa tun daga filas, kalma bayan kalma, ba ta sauya ko ɗaya ba.

“Shi ke nan? Ba ta ƙara komai ba?”

“Sai ta ja tsaki.”

“Yi in ji.”

Matar ta ɗan ji kunya, ta ja wani ɗan gajeren tsaki. Baba ya girgiza kai.

“Nata ya fi tsawo.”

Ta gyara zama, ta cika baki, ta ja shi tun daga can ƙasa, dogo, har sai da numfashinta ya ƙare.

“Yauwa,” in ji Baba. “Ita ce.”

Ya kifa kansa a kan gwiwa, ya yi kukan da ya shekara biyu yana ɗagawa zuwa gobe.